Yadda ake miƙe hoton da gilashin kyamara ya lanƙwasa ta hanyar awo da allon dara

Duk wanda ya taɓa duba hoton kyamarar tsaro a wani shago a Adum ko cikin kasuwar Kejetia a Kumasi ya ga abin. Kantar da kafinta ya buga a miƙe sambal sai ta fito da ciki kamar bakan maharbi, ƙofar da ke can gefe ta lanƙwashe, layin tayil ya yi ta karkacewa yayin da yake nufar bakin hoto. Kyamarar lafiyarta ƙalau. Gilashin da ke gabanta ne ba ya rarraba haske daidai tsakanin tsakiya da gefe, kuma kusan kowane gilashi yana da nasa kason na wannan hali, musamman masu faɗin gani.

Mai kallo kawai ba ruwansa. Matsalar tana kan mai awo: makanikin Suame Magazine da ke son zana gasket daga hoto don a yanka masa sabo, mai sayar da kente da ke son layukan saƙar su fito kamar yadda masaƙin Bonwire ya jera su, ɗalibin jami'ar KNUST da mutum-mutuminsa ke lissafin nisa da kyamara, ko mai ɗaukar fili daga sama da jirgi maras matuƙi. Abin farin ciki shi ne lanƙwasar ba ta sauyawa daga hoto zuwa hoto muddin gilashin da saitinsa ba su sauya ba. Idan aka auna ta sau ɗaya da kyau, an sami maganin duk hotunan da kyamarar za ta ɗauka.

Iri-iren lanƙwasa

Mafi yawa ita ce kumburin ganga: layukan gefe suna buɗewa waje, hoton ya yi tumbi. Ita ake gani a kyamarorin tsaro, GoPro da gilashin waya mai faɗin gani. Kishiyarta ita ce tsukewar kalangu, inda gefuna ke lotsawa ciki kamar ƙugun kalangu, an fi samunta a gilashin da ke jawo abu daga nesa. Akwai kuma mai haɗa biyun, layi ya kumbura a tsakiya ya sake miƙewa a kusurwa, shi ya sa ake kwatanta ta da gashin baki. Duk ukun sun dogara ne da nisan ɗigo daga cibiyar gilashi, kuma lambobi uku ke bayyana su: k1, k2 da k3. Wasu lambobi biyu, p1 da p2, suna ɗaukar wata ƙaramar karkata da ke zuwa idan gilashin bai zauna daidai a kan sensa ba, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, tun daga masana'anta. Wannan tsari ya samo asali daga aikin Conrady a 1919 da na Duane Brown a 1966, kuma har yau shi ne ginshiƙi.

Ƙa'idar ita ce: ɗigon da ya kamata ya faɗi a nisan r daga cibiya yana faɗawa ne a r sau 1 + k1r² + k2r⁴ + k3r⁶, inda ake samun r ta hanyar raba nisan ɗigon daga cibiya da tsawon ganin gilashi (focal length, lambar da ke nuna yadda gilashi ke jawo abu kusa), duka biyun a ma'aunin fiksel, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto. Ɗauki kyamara mai tsawon gani fiksel 1000 da k1 na −0.3, a bar sauran a sifili. Ɗigon da ya kamata ya kasance fiksel 200 daga cibiya zai faɗi a 197.6, wato gocewar da ba ta kai fiksel 3 ba. Wanda ya kamata ya kasance a 800 kuwa zai faɗi a wajen 646, ya goce da fiksel 154. Ka riƙe wannan lissafi, domin shi ne dalilin kusan duk shawarar da za ta biyo baya: labarin lanƙwasa a gefe da kusurwa yake, tsakiya ba ta san komai a kai ba.

Hanyar awo da allo shimfiɗaɗɗe kuwa Zhengyou Zhang ne ya fito da ita yana Microsoft, a rahoton 1998 da maƙalar da aka buga a 2000. Kafin nan an fi dogara da wani abin awo mai fuska biyu ko uku da aka ƙera da tsada. Shi ya nuna cewa takarda mai zanen da aka san girmansa, idan aka ɗauke ta ta fuskoki daban-daban, ta wadatar. Manhajar OpenCV, wadda kyauta ce, a kan wannan hanya ta gina nata awon.

Allon

Nan ne aka fi yin sakaci, kuma nan ne awo ke lalacewa tun kafin a kunna kwamfuta. Lissafin yana ɗauka cewa allon shimfiɗe yake ɗari bisa ɗari kuma gidajensa duk girmansu ɗaya. Duk wani lanƙwasa da ke jikin takardar, kwamfuta za ta ɗora wa gilashi laifinsa, ta ba ka lambobin ƙarya ba tare da ta yi ko tari ba.

Yi amfani da zane mai gida 10 a tsawo da 7 a faɗi, baƙi da fari. Abin da ake ƙirgawa shi ne mahaɗar ciki, wurin da gida huɗu suka haɗa kai, saboda haka allon 10 da 7 yana da mahaɗa 9 sau 6, jimla 54. An zaɓi lamba ɗaya mara da ɗaya cika da gangan, don kada allon ya yi kama da kansa idan aka juya shi kai a ƙasa. Allon damen da ake bugawa a gindin bishiya a Aboabo bai dace ba: 10 da 10 ne, ko ta ina ka juya shi kusan abu ɗaya ne, kuma da hannu aka yi masa fenti.

A takardar A4, mai milimita 210 da 297, gida mai milimita 23 yana barin farin gefe da ya kai faɗin gida guda a kowane ɓangare. Wannan farin gefen dole ne, in babu shi manhaja ba ta iya raba allon da abin da ke bayansa. A takardar A3 ka sa milimita 30. A4 ta isa ga waya da kyamarar kwamfuta da ke aiki a nisan hannu. Kyamarar tsaro da ta jirgi, waɗanda fokas ɗinsu ke nesa, suna son A3 ko abin da ya fi ta, har A1 idan da hali.

Wajen bugawa, ka tsaya a kan mai shagon ya kashe zaɓin da ke daidaita zane da girman takarda, ya buga a kashi 100. Injin leza ya fi, domin tawadar ruwa tana jiƙa takarda ta sa ta yi ƙunci. Kada a yi mata leda mai sheƙi, hasken da za ta riƙa mayarwa zai cinye mahaɗa. Bayan an buga, sa rula ta ƙarfe ka auna gida goma a jere ka raba da goma, sannan ka auna bakwai na ɗaya ɓangaren ka raba da bakwai. Idan duka biyun sun ba da 22.8 maimakon 23, babu damuwa, ka rubuta 22.8 kawai, girman gida ba ya taɓa lambobin lanƙwasa, nisan allo kaɗai yake shafa. Amma idan ɗaya ya ba da 23 ɗaya 22.7, injin ya ja takardar, sai a sake bugawa a wani wuri.

Sai abin da za a manna ta a kai. Gilashi mai kaurin milimita 5 daga wurin masu tagar alminiyom shi ne ya fi sauƙin samu kuma ya fi shimfiɗuwa. Ka ce su goge masa baki don kada ya yanke ka. Farantin alminiyom da masu allon talla ke amfani da shi ma yana yi, ga rashin nauyi. Kwali da filawud na bakin ciki ba sa yi. Laimar damina a Kumasi takan sa kwali ya bankare cikin kwana biyu, idan hunturu ya shigo ya sake bankarewa ta ɗaya gefen. Gam ɗin kafinta mai ruwa yana kumbura takarda, saboda haka ka nemi gam na fesawa, ko a buga zanen kai tsaye a takarda mai manne kanta marar sheƙi. Fara mannawa daga gefe ɗaya kana bi da tsumma a hankali. Idan ka gama, ɗaga allon zuwa saitin ido ka kalle shi ta gefe a gaban taga: ko ƙaramin kumfa zai nuna inuwarsa. A manna takardar a saman gilashin, kada a sa ta a ƙarƙashinsa, domin hasken da ya ratsa gilashi yana karyewa.

Kulle kyamara

Awo na saiti ɗaya ne tak. Abin da ya sauya tsakanin ranar awo da ranar aiki ya ɓata lambobin.

Zum ne na farko: kowane matsayi da nasa lambobin. Kyamarar tsaro mai gilashin da ake murɗawa, a saita ta yadda za ta zauna, a ɗaure ƙananan kusoshinta, sannan a auna. Na biyu fokas, domin matsar da shi yana ɗan sauya tsawon gani. Kashe fokas mai sarrafa kansa, ka kulle shi a nisan da za ka riƙa aiki. A wayar Android, manhajar Open Camera tana ba da damar haka a yawancin wayoyi. Na uku, kashe abin hana girgiza. Wani irinsa yana motsa gilashin kansa, cibiyar hoto ta riƙa yawo. Wani kuma yana yanke gefen bidiyo yana matsar da shi.

Waya tana da nata ƙarin rikicin. Mai ido uku ko huɗu takan sauya ido da kanta idan ka matso kusa, kai ba ka sani ba, sai ka tashi da hotunan gilashi biyu a jaka ɗaya. Da yawa kuma suna gyara lanƙwasa a ɓoye kafin su ajiye hoto, musamman a ido mai faɗin gani. Wannan ba laifi ba ne, za ka auna abin da ya rage ne, amma a bar zaɓin yadda yake har abada. Hoto da bidiyo ma ba ɗaya ba ne: bidiyo yakan yanki wani sashe na sensa, saboda haka mai aiki da bidiyo ya ɗauki bidiyon allo ya ciro hotuna daga ciki.

Kada hoton awo ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto. Yana rage girmansa ya matse shi. Yi amfani da kebul, ko ka tura shi a matsayin fayil.

Ɗaukar hotuna

Kafa kyamara a kan ƙafa uku ko ka ɗaure ta a teburi, wani ya riƙe allon yana sauya masa matsayi. Inuwa mai haske ta fi ko'ina, kamar baranda da hantsi. Rana kai tsaye tana sa fari ya yi ambaliya ya ci bakin baƙi. A cikin ɗaki kuwa ka tuna wutar lantarkin Gana tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wasu fitilu suna ƙyaftawa da ita, sai ka ga ratsi-ratsi a hoto. Saurin ɗauka na 1/100 ko 1/50 yana kawar da su. Mai riƙe allo ya tsaya cak kafin a danna, ya kuma janye yatsunsa daga kan gidaje da farin gefe.

Hotuna 20 zuwa 25 sun isa, amma yadda aka raba su ya fi yawansu muhimmanci. Fara da uku ko huɗu inda allon ya cika kusan rabin hoto a tsakiya. Daga nan ka kai shi kowace kusurwa huɗu, har farin gefen allon ya kusa taɓa bakin hoto, sau biyu a kowace kusurwa. Sannan tsakiyar gefen sama, ƙasa, dama da hagu. Allon duka ya kasance cikin hoto. Idan mahaɗa ɗaya ta fita, manhaja za ta yi watsi da hoton baki ɗaya. Wannan matakin yana da gajiyarwa, mai riƙe allo zai yi ta ɗaga hannu yana durƙusawa, kuma shi mutane ke tsallakewa. Wanda ya tsallake shi zai sami hoton da tsakiyarsa ta miƙe, kusurwoyinsa kuma suka murɗe fiye da da, domin lissafin bai ga komai a can ba sai ya yi ta kirdado.

Sai karkatarwa. Aƙalla kashi biyu cikin uku na hotunan allon ya kasance a karkace, tsakanin digiri 20 zuwa 45, wani lokaci gefen dama ne ya matso, wani lokaci na hagu, wani sama, wani ƙasa. Dalili: idan allon yana fuskantar kyamara sak, ba a iya bambance gilashi mai jawowa da ke nesa da gilashi mai faɗi da ke kusa, hoton ɗaya ne. Karkatar ce ke sa gidajen nesa su ƙanƙance, daga nan ake gane tsawon gani. Hotuna hamsin da allon ke kallon fuska ɗaya, ta wannan ɓangaren, ba su fi hoto guda ba. Juya allo kamar sitiyari ba karkatarwa ba ce. Idan kuma aka wuce digiri 45 sosai, gidajen suna matsewa har mahaɗa ta daina fita da kyau.

Kafin ka sallami mai riƙe allo, buɗe hotunan ka faɗaɗa su. Wanda ya yi dishi-dishi ko ya sami sheƙi a goge shi a sake.

Lissafi

Ana buƙatar Python, harshen rubuta manhaja, da kunshi biyu, opencv-python da numpy, waɗanda ake saukewa da umarnin pip. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta isa. Ga gundarin aikin, an ɗauka allon A3 ne mai gida milimita 30:

```
import cv2, glob
import numpy as np

allo = np.zeros((54, 3), np.float32)
allo[:, :2] = np.mgrid[0:9, 0:6].T.reshape(-1, 2) * 30.0
sharadi = (cv2.TERM_CRITERIA_EPS + cv2.TERM_CRITERIA_MAX_ITER, 30, 0.001)
na_allo, na_hoto = [], []

for suna in glob.glob("hotuna/*.jpg"):
    toka = cv2.imread(suna, 0)
    samu, mahada = cv2.findChessboardCorners(toka, (9, 6))
    print(suna, samu, toka.shape)
    if samu:
        mahada = cv2.cornerSubPix(toka, mahada, (11, 11), (-1, -1), sharadi)
        na_allo.append(allo)
        na_hoto.append(mahada)

kuskure, K, D, juyi, gusawa = cv2.calibrateCamera(
    na_allo, na_hoto, toka.shape[::-1], None, None)
```

Kashi na farko yana rubuta inda kowace mahaɗa take a jikin allo da milimita. Na biyu yana mayar da hoto ruwan toka ya nemo mahaɗa 54, sannan cornerSubPix ya tace matsayin kowacce har zuwa ɓangaren fiksel. Lambar 11 da ke wurin rabin taga ce, ainihin tagar binciken fiksel 23 ce a kowane gefe. Idan gidajen allo a hoto sun gaza haka, tagar za ta haɗo mahaɗar maƙwabta ta jawo ɗigon gefe, sai a rage ta zuwa 5. Na ƙarshe, calibrateCamera, yana neman lambobi tara na kyamara, da kuma shida-shida na matsayin allo a kowane hoto. Da hotuna 20 ana da ma'auni 2160 don gano lambobi 129, shi ya sa ƙananan kurakurai ke shanye juna.

Idan manhaja ta ce ba ta ga allo ba a ko'ina, kusan kullum an rubuta 10 da 7 ne a maimakon 9 da 6. Idan wasu hotuna kaɗai ta ƙi, duba farin gefe da sheƙi. OpenCV na 4 yana da findChessboardCornersSB, wanda ya fi jure hayaniyar hoto kuma ba ya buƙatar tacewa daga baya. Idan hotunan manya ne har binciken yana jan ƙafa, rage su zuwa kashi ɗaya cikin huɗu a faɗi da tsawo ka nemo mahaɗa, ka ninka matsayinsu da huɗu, sannan ka tace a kan babban hoton. Ka kuma lura da girman da ake bugawa a gaban kowane suna. Waya tana rubuta yadda aka riƙe ta a cikin fayil, OpenCV kuma yana juya hoto bisa wannan, sai wani ya fito 4000 da 3000 wani 3000 da 4000. Hoto ɗaya da ya juye ya isa ya dagula sauran. Yana da kyau ka zana mahaɗar da aka gano da drawChessboardCorners ka duba su da idonka, ko da sau ɗaya.

Karanta sakamako

Lambar farko, kuskure, tana nuna matsakaicin tazarar da ke tsakanin inda aka ga mahaɗa da inda lissafi ya ce ya kamata ta kasance. A hoto mai 1920 da 1080, ƙasa da rabin fiksel ya yi kyau. A hoton waya mai faɗin 4000, har kusan fiksel ɗaya ana karɓa. Idan ta haura 2, akwai abin da ya lalace. Amma kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ka. Hotuna biyar da aka ɗauka duk a tsakiya za su ba da kuskure ɗan mitsitsi da lambobin da ba su da amfani, tun da lambar tana auna wuraren da allo ya taka ne kawai.

Saboda haka a duba K. A cikinsa akwai fx da fy, tsawon gani a fiksel, da cx da cy, cibiyar gilashi. Ya kamata fx da fy su yi kusa da juna, bambancin bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ya kamata cx da cy su faɗi kusa da tsakiyar hoto, wajen 960 da 540 a hoto mai 1920 da 1080. Gocewar fiksel ashirin ko talatin ba abin mamaki ba ce, ta ɗari biyu kuwa alama ce ta ƙarancin karkatarwa ko allon da ya bankare. Shi fx ana iya kintatarsa tun kafin awo: raba faɗin hoto biyu, ka raba da tan (tangent na lissafin kusurwa) na rabin kusurwar gani. Kyamara mai faɗin 1920 da ke ganin digiri 90 za ta ba da wajen 960. Babban idon waya da aka rubuta masa milimita 26, a hoto mai 4000 da 3000, zai ba da wajen 3000.

Lambobin D suna zuwa a jere haka: k1, k2, p1, p2, k3. A kumburin ganga k1 yana ƙasa da sifili, a tsukewar kalangu yana sama. p1 da p2 ƙanana ne ƙwarai, galibi a gurbi na uku bayan ɗigo. Idan k2 da k3 suka fito manya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kokawa suke da juna don cike gurbin bayanan da babu. A gilashin da lanƙwasarsa ba ta da yawa, kulle k3 da CALIB_FIX_K3 ya fi ba da sakamako mai natsuwa.

Gwaji biyu ne ke tabbatar da aiki. Raba hotunan gida biyu ka auna kowane rabi daban. Idan fx da k1 suka fito kusan ɗaya, awon ya zauna. Sannan calibrateCameraExtended yana ba da kuskuren kowane hoto shi kaɗai. Wanda ya ninka sauran sau biyu ko uku, buɗe shi ka ga dalili. Idan dishi ne, cire shi. Idan kuwa hoton kusurwa ne mai kyau, kada ka cire shi don lamba ta yi kyau. Yana gaya maka ne tsarin lambobi biyar bai ishi wannan gilashin ba.

A irin wannan hali akwai CALIB_RATIONAL_MODEL mai lambobi takwas, wanda ke son hotuna masu yawa a gefe. Gilashin idon kifi kuwa, wanda ganinsa ke kusantar digiri 180, yana da sashensa daban, cv2.fisheye, mai lambobi huɗu a kan tsarin Kannala da Brandt na 2006. Lambobin tsarin nan ba sa shiga na wancan. Kuma ba a iya shimfiɗa digiri 180 cur a hoto mai miƙaƙƙun layuka, dole a sadaukar da wani abu daga gefe.

Miƙe hoton

```
sabo, yanki = cv2.getOptimalNewCameraMatrix(K, D, (fadi, tsawo), 0)
m1, m2 = cv2.initUndistortRectifyMap(K, D, None, sabo, (fadi, tsawo), cv2.CV_16SC2)
mikakke = cv2.remap(hoto, m1, m2, cv2.INTER_LINEAR)
```

A nan fadi da tsawo girman hoton ne a fiksel. Sifilin da ke ƙarshen layin farko zaɓi ne. Da 0, ana yanke hoton yadda babu baƙin gurbi ko kaɗan, amma ana asarar wani abu daga gefe. Da 1, ana riƙe kowane fiksel, gefuna su fito da baƙaƙen gurabe masu lanƙwasa. Mai tallan kaya zai so 0. Mai kyamarar tsaro da ƙofar shagonsa ke can kusurwa zai so 1, ko wani abu a tsakani. Taswirar m1 da m2 sau ɗaya ake lissafa ta, a yi ta amfani da ita a kowane hoton bidiyo, kiran cv2.undistort a kan kowane hoto yana maimaita lissafin ne a banza.

Daga nan duk awon da za a yi a kan miƙaƙƙen hoto, da sabon K ɗin da layin farko ya fitar, mai suna sabo, za a yi shi, lanƙwasa kuma sifili. Wanda ya sake sa K da D ya yi gyara sau biyu, ganga ta koma kalangu.

Gwajin ƙarshe ba da allo ake yi ba. Rataya zare mai duhu da dutse a ƙarshensa a gaban farin bango, ka ɗauke shi yana bin bakin hoto na dama, sannan na hagu, ka juya kyamara ka ɗauke shi a sama da ƙasa. Bayan gyara, ja miƙaƙƙen layi daga kan zaren zuwa ƙarshensa ka faɗaɗa. Gocewar fiksel ɗaya ko biyu a tsakiya ta yi. Zare ya fi bango ko ƙofa, domin ba kowane gini ne yake a miƙe ba.

Abu biyu ba za su gyaru da wannan ba, kuma ana yawan ɗora wa awo laifinsu. Idan ka ɗaga kyamara kana kallon bene, bangayensa za su tsuke a sama ko da layukan sun miƙe. Wannan na matsayin kyamara ne, getPerspectiveTransform da warpPerspective ke gyara shi, kuma bayan an cire lanƙwasa ake yi, ba kafin ba. Mai zana gasket yana buƙatar matakan biyu, da rula a kwance kusa da kayan a tsayi ɗaya da shi. Na biyu, fuskar mutumin da ke gefen hoto mai faɗi za ta ƙara faɗi bayan gyara, haka lissafin miƙaƙƙen hoto yake.

Ajiye K da D a fayil tare da sunan kyamara, wane ido, girman hoto, nisan fokas da kwanan wata. Idan ka rage hoto zuwa rabi, raba fx, fy, cx da cy biyu, lambobin D kuma su zauna yadda suke. Idan yanka ka yi, cire abin da ka yanke ta hagu daga cx, na sama daga cy. Kada ka kwashi k1 da k2 ka zuba a wata manhaja kamar ffmpeg kai tsaye, sunan ɗaya ne amma ma'aunin r ya bambanta. Kyamara biyu masu suna ɗaya daga kwali ɗaya ma kowacce da nata awon, musamman ta wajen cibiya.

Masu haɗa kyamarar tsaro su ƙara kula da abu uku. A auna da murfin roba mai kama da ƙoƙo a rufe, tun da shi ma yana karya haske. A ɗauki hoton awo daga babban zubin bidiyo, domin ƙaramin zubin da ake kallo a waya yakan zo da wani girman, wani lokaci a matse. Kuma ya fi sauƙi a auna a ƙasa kafin a hau tsani a kafa ta, muddin ba za a sake taɓa zum da fokas ba. Idan aka buɗe ta don share ƙurar hunturu har hannu ya murɗa gilashin, ko ta faɗo, ko aka sauya wa waya murfin baya a wurin mai gyara, a ɗauko allo a sake awo daga farko.